Kujerar Hajiya

Ƙarar faɗuwar bokiti aka fara ji, sannan muryar Hajiya Bara'atu tana salati daga banɗaki.

Ɗanta Alhaji Hamani, da ke shirin fita biro, wato ofishinsa, ya yar da makullin mota ya ruga. Ya same ta zaune dirshan a kan siminti, ta kasa tashi. Ya sa hannu a hammatarta ya ɗaga, ta ɗago kaɗan, sai bayansa ya riƙe, numfashi ya ƙwace masa, suka koma ƙasa tare. Mutum mai manyan motocin kamiyo tara tsakanin Gaya da Kwatano, ga tumbi har ya hana shi ganin takalminsa, amma ɗaga uwarsa ya gagare shi.

"Matsa can, buhun auduga!"

Indo ce, wadda ta zo daga ƙauyen Bana shekaranjiya da buhun shinkafa, ita ta sauke abinta daga kan babur. Duk Gaya babu mai yi wa Alhaji irin wannan magana, amma ya matsa. Ta ja ɗamara, ta durƙusa, ta goya Hajiya kamar abin da ta saba, ta kai ta har cikin mota. Ba ta tambaye ta ina ke ciwo ba. Ko fuskarta ba ta duba ba.

Shekara takwas ke nan da Hamani ya ɗauko uwarsa daga Bana. A lokacin tana noma, tana daka, tana ɗebo ruwa da kanta. Ya rantse a gaban jama'a cewa ta gama wahala a duniya. Ya sayo mata kujera daga Kwatano, mai laushi, mai wurin miƙe ƙafa, ya dasa ta gaban tele, ƙarƙashin fanka. In ta ɗauki tsintsiya ya fizge. Ya taɓa korar 'yar aiki don ya tarar da Hajiya riƙe da taɓarya. Ko barkar haihuwa a maƙwabta, sai a mota.

Mutane suka yi ta sa masa albarka, shi kuwa, gaskiya, yana jin daɗin abin. Hajiya ba ta rame ba, ƙiba ma ta yi. Don haka bai ɗauka da zafi ba da ta koma sallah a zaune, ko da ta fara dafa bango kafin ta miƙe.

Har ya sayo kujera ta biyu, tana nan cikin ledarta. Sau uku yana aika mota Bana a ɗauko Indo ta zauna kusa da Hajiya, sau uku direba na dawowa shi kaɗai. "Ta ce a gaida waccan, shinkafa ba ta jira." Wannan karon da ta kawo kanta, ya riga ya ƙudura cewa ita da Bana sai ziyara.

A asibiti hoto ya nuna babu karaya. Lokotoro Siddo, likitan da ba a daɗe da turo shi garin ba, ya matsa damtsen Hajiya, yatsunsa suka nutse kamar a ƙullu. Ya miƙa mata yatsu biyu ya ce ta damƙe da iya ƙarfinta. Ta damƙe. Ya zare su ba tare da ya ja ba.

"Nauyin nan kitse ne, Alhaji. Tsokar ta zube. In shekaru suka ja, tsokar da ba a sa ta aiki tafiyarta take yi. Wane ciwo ne ya kwantar da ita haka?"

Hamani ya juya ya kalli uwarsa.

"Ba ciwo ba ne, lokotoro," in ji Hajiya a hankali. "Yaron nan ne ke jin tausayina."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa, ya tsaya yana kallon tumbinsa. Da ƙyar ya tambaya ko za ta sake tafiya da ƙafarta.

"In ta fara yau. Ta tashi ta zauna sau goma safe da yamma, ta zagaya tsakar gida, ku mayar mata da tsintsiyarta. In ba haka ba, faɗuwa ta gaba ƙugu ne zai karye."

Sai idon lokotoro ya kai bakin ƙofa, inda Indo ke tsaye ta juya wa gadon baya tana kallon waje. Ita ya gani ɗazu ta hau matakala da majinyaciyar a bayanta. Ya kira ta, ya miƙa mata yatsun nan biyu. Ta damƙe, ya yi ƙara ya fizge hannunsa yana dariya.

"Ka ga abin da nake faɗa? Baiwar Allah, ki riƙe fartanyarki. In kin kai shekarun Hajiya, kada ki yarda kowa ya zaunar da ke." Ya ɗauki alƙalami. "Zan rubuta ki a matsayin mai jinya. Ƙanwarta ce ke? Faɗa mini cikakken sunanta."

Indo ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai.

Hamani ya tuna kujerar da ke cikin leda. Muryarsa ta fito can ƙasa.

"Ba za ta kama sunanta ba, lokotoro. 'Yar farinta ce."