Kalmar da Kotu Ta Hana

Tun da Sabitu ya karya wa matarsa Barira hannu, kotu ta saka mata ɗan kunnen shaida. Komai yana ji. Duk wanda ya ce wa mai ƙara "ki yi haƙuri", shi ma sai ya gurfana.

Ana jibi zaman kotu, Gwaggo Lantana ta zo mata da dambu.

"Barira, kin san shi aure sai da..."

Ɗan kunnen ya kawo jar wuta. Gwaggo ta haɗiye sauran maganar.

"Ni shekara arba'in abin da ake ce min ke nan. To yanzu me ake cewa?"

Barira ta buɗe kwanon da hagu.

"Ki tambaye ni ya hannun, Gwaggo."