Ƙarshen Littafin Jikata

"Ai matuƙin jirgin nan ba mutum ba ne, inji ne," na ce jiya, tana tsakiyar karatu.

Jikata ta ɗago ta dube ni.

Wata uku ke nan kullum bayan la'asar tana karanta mini littafin nan na Faransanci, tana juya shi da Hausa: mutane sun bar duniya a jirgi suna neman wata duniyar. Ban yi lekol ba, wato boko, amma ba a taɓa sayar mini da buhu a ɗaure ba. Jiya da safe tana fita aiki na kai wa mai farmasi na unguwar Jonquet littafin, ya karanta mini ƙarshen.

"Kaka, wa ya gaya miki?"

"Yo mene ne? Tatsuniyarmu kowa ya san ƙarshenta, kuma ana sauraro."

Ta rufe littafin a hankali.

"Ƙawayena sun gama tun da azumi. Na fita daga gurup ɗinmu na waya don kar su faɗa mini. Na ce ni da Kaka za mu ji tare."

Na rasa inda zan sa idona. Yau la'asar ta wuce, ba ta shigo ba.