Tarin Namiji a Ɗakin Si Hedi

An sake kawo wa Si Hedi rabin faranti. Ya cinye kuskus ɗin, ya lalubi kifi bai gani ba, alhali ƙamshinsa ya cika ɗakin.

Tun da aka dawo da shi daga asibitin birnin Sfax da shanyayyen ɓarin hagu, gidan ya sauya masa. Daga shi sai 'yarsa Radiya. Matarsa ta rasu, ɗansa Munsif kuwa tuni Si Hedi ya kore shi kan rigimar gonar zaitun, ya hana a ƙara ambaton sunansa.

To, warin taba daga ina? Kullum da hantsi sai ya ji kujera ta yi ƙara, sannan tarin namiji, ƙasa-ƙasa. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, babu kowa. Radiya na shigowa da shayi kofi biyu, ɗaya ya ɓace. Tana yi masa magana idonta na tsallake shi, wani sa'in har da murmushi.

"Ke, wa kike shigo mini da shi gida?"

"Haba Baba. Ai ka fi ni sani."

Amsar ta tsaya masa a rai. Wato sun ga ya kwanta, sun mai da shi gawa.

Ran Juma'a ya ɓoye wuƙar ɓare lemo ƙarƙashin bargo. Da azahar Radiya ta ɗora shi a keken guragu don ya yi salla. Tarin ya sake tashi, dab da kunnensa. Ya damƙe wuƙar.

"Wallahi yau sai na ga fuskar ɗan iskan nan!"

Radiya ta zagayo bayansa. Ta kama keken ta juya shi ya fuskanci alƙibla, sai rabin ɗakin na hagu, wanda ciwon ya shafe daga hankalinsa, ya shigo masa ido kaɗan-kaɗan: kabad, farantin da kifinsa ke gefe ba a taɓa ba, kujera.

Wuƙar ta faɗi ƙasa.

Mutumin da ke kan kujerar, tafukansa sharkaf da man tausa, ya ɗago jajayen idanu.

"Tun ranar da aka sallamo ka nake nan ina murza maka hannu, Baba," in ji Munsif. "Na ɗauka ƙin kallona kake yi."