Sandar Lukuman

Attahiru ya ɗaure sandar wasan sunuka a bayan babur, ya kama hanyar Kalgo. Wata takwas ke nan tana jingine a kusurwar ɗakinsa, bai taɓa goga mata alli ba. Ko kallonta ba ya son yi.

Shekara goma yana musu da abokinsa Lukuman, mutumin Kalgo, a kan doka guda. A Gwandu, garin Attahiru, idan ka fasa ƙwallaye wata ta faɗa rami, irinta ce taka, ko masu ratsi ko masu launi ɗaya, ka so ko ka ƙi. A Kalgo kuwa tebur yana nan a buɗe, mai fasawa ya duba ya zaɓi waɗanda suka fi masa sauƙi. Attahiru ya sha cewa wannan ba doka ba ce, fashi ne da rana tsaka. Har rantsuwa yake yi a kai.

Sai ranar wasan ƙarshe ta zo, a Gwandu, su biyu. Wanda ya ci shi zai ɗauki sandar wanda aka ci. Ta Lukuman kuwa tun yana saurayi take hannunsa, kowa ya san ta.

Lukuman ya shigo dafe da kafaɗar ƙanensa Isa, yana ta barkwanci kamar kullum. Aka kawo kwabo za a jefa, ya ce a bari, mai gida ya fasa. Ya nemi benci ya zauna, ya ɗora sandar a cinya yana ta goga mata alli.

Attahiru ya fasa. Guda ta faɗa, a ramin da ke daf da bencin Lukuman.

"Wacce tash shiga?" in ji Lukuman.

Mai ratsi ce. Attahiru ya dubi tebur. Sauran masu ratsin sun cure wuri guda a jikin bango, masu launi ɗaya kuwa kowacce tana zaune a bakin raminta. Sai ya ji bakinsa yana cewa ai baƙo ake girmamawa, yau dokar Kalgo za a bi.

Mutanen Gwandu kansu suka sunkuyar da kai, don ba wanda bai san bakin Attahiru a kan wannan doka ba. Kowa ya juya wajen Lukuman ana jiran ya tashi da faɗa. Ko leƙa teburin bai yi ba.

"Na yarda," ya ce.

Attahiru ya kwashe bakwai a jere, ya bi da baƙar ƙwallo mai rufe wasa. Lukuman bai ko miƙe ba har aka gama. Ya miƙa sandarsa, Isa ya karɓa ya ba Attahiru, suka fita.

Daga ranar ba a sake ganin Lukuman a bakin tebur ba, ko a Kalgo. Abin ya tsaya wa Attahiru a rai. Ya yi nasara, amma da dokar da ya kira fashi, kuma sai da ya ga yadda ƙwallaye suka kwanta sannan ya tuna da ita. Kunya ta hana shi ko buga waya.

Ya tarar da Lukuman a ƙofar gida, kan tabarma, rediyo a gefensa. Ya tsaya a gabansa riƙe da sandar, Lukuman bai ce masa uffan ba. Attahiru ya ce a ransa ya cancanci fiye da haka. Sai da ya yi sallama sannan fuskar Lukuman ta washe.

Attahiru ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce ya cuce shi, ya raba shi da wasan da ya fi so a duniya. Ya miƙa masa sandar da hannu biyu.

Lukuman ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya miƙo hannu, hannun ya wuce gefen sandar, ya lalubi iska, sai da ya dawo sannan ya kama ta.

"Attahiru, da ka ɓatar da ko bugu guda, da dole in tashi gaban jama'a. Rannan ko kai da kat tsaya gabana, da muryarka nig gane ka."