Sai Taswirar Taurari Ta Kammala

Bayan la'asar Saliou, wanda aka yi mana baiko, ya same ni a ƙofar shagonmu a unguwar Lalala. An ɗauke shi aiki a ƙasar Chili. Zai riƙa auna taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, don a zana taswirar kumburin da ke tsakiyar rukunin taurarinmu.

"Ki jira ni, Hafiza," ya ce. "Kowannensu na san sa'ar da haskensa zai dawo."

"Kai fa, yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai taswirar ta kammala."

Haka Baba ya ce wa kakata da zai baro Damagaram, wai sai kasuwa ta kafu. Har ta rasu ba ta sake ganinsa ba.

Na zare zoben Saliou na miƙa masa.

"Allah ya kiyaye hanya, malam."