Uku ta Bayan Sifili

Shekarar samun 'yancin kai, saura mako biyu in zauna jarrabawar shiga sakandare, Baba ya kira ni tsakar gidanmu a Ƙofar Wambai. Malamin lissafi ne, ba ya lallashi.

"Wace lamba ce in ta ninka kanta za ta ba da tara?"

"Uku," na ce.

"Rabin amsa kika kawo."

Ya ja layi a ƙasa da sandarsa. "Nan ne sifili. Uku ta bayansa ma, in ta ninka kanta, tara ce."

"Baba, baya da baya ai ƙara baya ne!"

"Tsaya kan layin, ki yi taku tara zuwa madafa." Na isa bakin ƙofar madafar. "Dawo. Yanzu juya mata baya, ki yi taku tara da baya."

Sai ƙeyata ta bugi ƙofar.

Inna ta ce a bar yarinya ta huta. Na ƙi. Na sake har sau biyar, ina ƙirgawa da ƙarfi, kafin na yarda na rubuta amsa biyu.

Na tsufa yanzu, amma in aka ce mini hanya ɗaya ce tak, sai na tashi na gwada da ƙafata.