Ma'arufun Luba

Direban ya tsayar da mota a ƙofar wani gidan bauta mai kawunan gumaka, ya fara zuba bayani da Turanci kamar yadda yake yi wa kowane baƙo. Ɗanmaliki, malamin firamare daga Kankia, bai fassara ko kalma ɗaya ba. Yayarsa Iyatu na zaune a baya, hannuwa bisa cinya, tana kallon ƙeyar direban.

Ba yawon buɗe ido ya kawo su wannan tsibiri mai nisa ba. Shekarun kuɗin mai ne, lokacin da ake kwasar samari ana tura su bangon duniya su koyo noman shinkafa, sai ka ce ba a taɓa ganin fadama a ƙasar Katsina ba. Cikin waɗanda aka tura har da Ma'aruf, wanda duk Kusada ke kira Ma'arufun Luba. Wata ranar hutu ya ɗauki hayar wannan motar shi kaɗai, a zaga da shi gidajen bauta da wuraren ruwa. A zangon ƙarshe ya ce wa direban ya jira shi. Bai dawo ba.

Da labari ya isa Kusada, Luba ta yi ta birgima a tsakar gida har muryarta ta dishe. Ita ta goya shi, ita ta kai shi makarantar allo. Abin da ya ƙara kashe mata jiki shi ne jin cewa mutanen can ƙona matattunsu suke yi. Ta ce ko gawa ce a samo, a sa shi a ƙasa kamar ɗan Musulmi. Amma Luba ba ƙafa, ba fasfo. Ƙanwarta Iyatu ta je Makka bara, nata fasfon na nan, don haka aka ce ta raka ƙanensu Ɗanmaliki. Ta ce to, kamar wadda aka aika kasuwa sayen manja.

A ƙofar gidan bautar Ɗanmaliki ya turje. Jikan malamai ne, ya ce ƙafarsa ba za ta taka ɗakin gumaka ba, ya miƙa wa direban hoton Ma'aruf ya shiga da shi. Iyatu ta tuɓe takalmi ta bi bayan direban. Ta ratsa hayaƙin turare da birai masu fizgar mayafi, ba ta ce a'uzubillahi ba, ba ta kuma kalli komai ba. Wani tsoho mai shara ya gane hoton. Ya nuna da hannu cewa yaron dogo ne, kuma ya sayi ayaba ya raba wa birai yana dariya.

“Yaron nan ya biyo ta nan,” ta ce da ta fito. “Mu tahi.”

Haka aka yi ta yi. Wani gidan bautar a kan dutse, wani a bakin tafki, sai gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tudu. Ko'ina Ɗanmaliki na share hawaye da hularsa. Iyatu kuwa da rana aka kawo shinkafa da kifi, ta cinye tas ta wanke hannu. Hoton ya wuce ta gabanta sau ba adadi, ba ta ko leƙa ba. Har direban ya kasa haƙuri, ya tambayi Ɗanmaliki ko matar nan ta ma san yaron kuwa.

Zangon ƙarshe wani ruwa ne da ke faɗowa daga saman dutse, ƙararsa ba ta barin a ji magana. Iyatu ta je har baki ta tsaya. Feshin ruwan ya jiƙa mata zani sharkaf, ba ta matsa ba, sai da ƙanenta ya janye ta.

Wata mai sayar da kwakwa ce ta tura su ƙauyen masunta da ke gangare. Ta ce shekaranjiya taru ya jawo gawar wani mutum. Yana ɗakin da suke ajiye ƙanƙarar kifi, kuma tun da ba mai shi, da faɗuwar rana za a ƙone shi. Akwai 'yan Musulmi kaɗan a ƙauyen. Limaminsu ya ce za su yi masa sutura su binne, in dai wani zai rantse cewa nasa ne.

Da suka isa ɗakin ƙanƙarar, suka tarar ruwa ya daɗe da mutumin. Ba fuska, ba riga. Ɗanmaliki ya leƙa sau ɗaya, ya fita da gudu ya yi amai a jikin bango. Ya dawo ya ce wallahi ba zai iya rantsuwa ba. A waje an fara jera itace.

Iyatu ba ta je wajen kan ba. Ta durƙusa a wajen ƙafafu, ta ɗaga ta hagu, ta ware ƙananan yatsu biyu. Akwai wani ɗan baƙin tabo a tsakani, bai fi ƙwayar gero ba. Ta mayar da ƙafar a hankali, ta ja tabarma ta rufe.

“Shi ne. Ka ce ma liman ya kawo ruwa.”

“Yaya, rantsuwa ce fa,” in ji Ɗanmaliki. “Ko Yaya Luba da ta yi ta yi mashi wanka ba ta taɓa zancen wanga tabo ba.”

“Luba na da fuska tai da za ta kalla kullum, mi zai kai ta duba yatsu?” in ji Iyatu. “Ɗan fari ba a kallo nai, ba a kiran suna nai. Ni sau guda na samu na dube shi son raina, kafin mata su shigo ɗaki, ranar da na haife shi.”